Kocin da Babu Sunansa a Fom

Yayana Abdulbaƙi mai gyaran lagireto ne a Apo, cikin Abuja. In ka shiga layin bakanikai ka tambayi mai lagireto ɗan Zariya, za a nuna maka rumfarsa, za ka tarar da shi a tsugune da dalma a hannu, ƙafar hagu a miƙe don ba ta lanƙwasuwa sosai. Amma in ka je unguwarmu Karmo ka ce Abdulbaƙi, sai a tsaya ana kallonka. Can Koci suke ce masa, yara da iyayensu, har mai shayin bakin tasha. Ni ce Zulai, autar gidanmu, shekara goma sha huɗu ke tsakaninmu. Labarinsa nake so in bayar, kuma in gaya muku tun yanzu, raina bai huce ba.

A Tudun Wadar Zariya aka haife shi. Yana aji biyar na firamare mahaifinmu ya kwanta ciwo, aka cire shi aka kai shi gareji. Karatunsa ke nan. Hausa yana karantawa a hankali, Turanci kuwa sai na Abuja, wanda ake ciniki da shi. Ƙwallo ce kaɗai abin da ba a iya cire masa ba. Lamba shida yake bugawa, kuma waɗanda suka gan shi sun ce da idonsa yake wasa kafin ƙafarsa. Yana da ashirin da huɗu wani ƙato ya hau masa gwiwa a wani wasan unguwa, shi ke nan aka gama.

Shekarar 2000 ya zo Abuja, bayan sojoji sun koma bariki, lokacin da kowa ke cewa kuɗi na nan a zube. Ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Gine-gine na tashi kamar ana korarsu, manyan motoci sun cika titi, ba a daɗe ba kuma kowa ya rataya wayar hannu a ƙugu. Mu dai namu rabon ɗaki biyu ne a Karmo, da mota biyu da yake shiga kullum kafin ya kai Apo. Ni na biyo shi bayan na gama sakandare, na samu aiki a wani shagon buga takardu a bakin kasuwa, kwamfuta ɗaya da janareta mai tari.

Akwai wani fili a gangaren unguwarmu, rabinsa juji, rabinsa tsakuwa. Wata Asabar yana wucewa ya tarar da yara suna dambe a kan ko ƙwallo ta shiga ko ba ta shiga ba. Ya tsaya rabo, ya ce a sake bugawa ya gani. Tun daga ranar bai ƙara samun Asabar ko Lahadi tasa ta kansa ba. Tsoffin tayoyi ya riƙa ɗaukowa daga Apo yana jerawa. Wanda bai iya ƙafar hagu ba sai ya cire masa takalmin dama, ya bar shi da na hagu kaɗai, tsakuwa ta koya masa da wacce zai buga. Yaran kuma kowane iri ne, Hausawa, Gbagyi, Tibi, Ibo, duk da Hausar Karmo suke magana. Sai ka ji yaro ya ce, "Koci, mamana ya ce in dawo da wuri," shi kuma ya ce, "To je ka, kada ya zo ya same ni." Taurarin Karmo ya sa musu suna.

Akwai ƙungiyar ƙwallon yara ta unguwanni da wasu dattawa suka kafa, sakatarenta Mista Andrew, tsohon malamin wasanni. Ba zan ci amanar ƙungiyar nan ba, ta yi aiki. Kafin ita, wasa tsakanin unguwa da unguwa da jifa yake ƙarewa. Ita ta kawo alƙalin wasa mai usur, ta yi wa kowane yaro kati da hotonsa, ta tsara wa zai kara da wa kuma a ina. Yaron da bai taɓa wuce tashar Karmo ba sai ga shi a mota zuwa Kuje da jesi a jikinsa. Daga nan ake tsintar na tsinta a kai su gaba. Yaya yana son ƙungiyar nan kamar shi ya haife ta.

A 2003 wani babban kamfani ya ɗauki nauyin gasar. Ya kawo ƙwallaye, raga, kofi mai tsawon yaro. Ya kuma kawo sharaɗi: duk kulob sai yana da koci mai satifiket na kwas, kuma ba a shiga kwas sai da takardar sakandare. To su wa ke horar da yara a unguwanni? Bakanikai, teloli, direbobi, masu gadi. Sai aka shiga aron suna. Ka nemi wani mai satifiket ya ba ka kwafi, a sa sunansa a layin koci, kai ka ci gaba da aikinka. Na Kuje hedimasta suka ara, wasu kuma fasto. Ba a ɓoye ake yi ba. Mista Andrew da bakinsa ya ce, "Ni dai in ga takarda a fayil."

Yaya yana da wani kwastoma, Abdulmajeed, ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya, ɗan boko mai sanyin murya, kullum cikin farar shadda. Motarsa na yawan zafi, Yaya ne ya gano mata. An taɓa tura shi kwas ɗin koci na sati biyu daga ofis, don kawai gurbi ya faɗo a kansa, satifiket ɗin na durowa yana shan ƙura. Da Yaya ya roƙe shi, sai ya ce, "Haba Malam Abdulbaƙi, don wannan? Aiko a karɓa."

Ni aka kawo wa fom ɗin in buga. Layi biyu ne na manya a ciki, koci da mai kula da kaya. Na buga Abdulmajeed a sama, na tsaya.

Na ce, "Yaya, kai fa? Mai kula da kaya?"

Ya yi dariya. "To ƙarya ne? Wa ke ɗauko raga? Buga kawai, Zulai, suna ne a takarda."

Na buga. Da na san inda za ta kai mu, wallahi da na ce masa an ɗauke wuta.

Shekara huɗu Abdulmajeed bai taka filin nan ba, ban jin ya san ta ina ake shiga Karmo. Sau ɗaya a shekara Yaya ke kai masa fom ofis ya sa hannu, su gaisa, ya tambayi iyali. A cikin shekarun nan an kori su Yaya daga filin gangare aka dasa rukunin gidaje, suka share wani a bayan tasha da hannunsu. Bai fasa ko mako ɗaya ba. Matarsa Safiyatu ta gaji da mita, ta koma wanke jesi.

A 2007 Taurarin Karmo suka kai wasan ƙarshe na 'yan ƙasa da sha biyar. A babban fili cikin gari za a yi, da 'yan talabijin da manyan kamfanin. Aka ce dole kocin da ke fayil ya zauna a benci. Abdulmajeed ya zo da sabuwar rigar wasanni, har da hula, alamar shago ba a ma cire ba. Ina sama cikin 'yan kallo ina ganinsu. Shi a tsaye a bakin layi, Yaya a ƙarshen benci da buhun ruwan leda a gabansa.

Kafin hutu an zura mana ɗaya. Abdulmajeed na ta ɗaga hannu yana kiran lamba, don bai san sunan ko yaro ɗaya ba. Da aka tafi hutu sai na ga Yaya ya tsuguna a gaban yaran kamar mai ɗaure musu takalmi, yana bi ɗaya bayan ɗaya, bakinsa na motsi. Ya lura mai tsaron bayansu na dama ba ya iya juyawa da sauri. Ya ɗauke wani siririn yaro, Nasrullahi, daga tsakiya ya mayar da shi gefen hagu. Minti goma da dawowa Nasrullahi ya wuce mutumin ya rama. Saura kaɗan a tashi ya sake wucewa ya miƙa, aka ƙara. Biyu da ɗaya. Na yi ihu har ɗankwalina ya faɗi ban sani ba.

Yaran ba su yi wata-wata ba, Yaya suka ruga suka rungume, suna neman ɗaga shi. Wata mata daga kamfanin ta biyo su da makirfo da mai kyamara a bayanta, ta tambaye shi ko shi ne kocin. Ina kallo ya goge hannunsa a wando, ya juya, ya nuna Abdulmajeed. Har da ɗan rusunawa.

Daga baya na tsare shi. Ya ce in da ya amsa, a nan take za a ce kulob ya yi ƙarya a fom, a ƙwace kofin daga hannun yara. Ya ce ban da haka ma, mutum ya ara maka sunansa shekara huɗu bai nemi komai ba, sai ka tsinka shi a gaban kyamara? Ka ji fa. Kunya ce ke cin Yaya tun yana yaro, ko canjinsa aka riƙe a mota ba ya iya tambaya.

Ashe akwai abin da ba mu sani ba. Kamfanin ya tanadi kyauta ga kocin da ya ci kofi: kwas na sati uku a Turai. Na san Yaya ya sa rai Abdulmajeed zai je wurin Mista Andrew a gyara maganar cikin sirri. Sai ga shi a Apo da kansa, ya zauna a bencin rumfa, ya ce da sunansa aka nemi biza, ba yadda za a canja, amma in ya dawo duk abin da ya koyo zai juye wa Yaya. Yaya ya ce, "Allah ya kai ka lafiya, yallaɓai." Har ya duba masa ruwan mota kafin ya tafi.

Ya dawo da tsarabar agogon gudu da hotuna cikin dusar ƙanƙara. Juyewar da ba a yi ba ke nan. Jarida ta buga shi a matsayin ma'aikacin gwamnati mai sadaukar da hutunsa ga yaran talakawa. A ofis aka mayar da shi sashen wasanni, da ƙarin girma. Ƙungiya kuma ta naɗa shi shugaban kwamitin horarwa, tunda shi kaɗai ne ya taɓa zuwa waje. Tabɗijam. Mutumin da bai san yaro na buga hagu ko dama ba.

Duk wannan Yaya ya haɗiye. Abu ɗaya yake so a duniya, kuma bai taɓa ɓoye mini ba: ya ga sunansa a layin sama, ya tsaya a bakin layi ya kira yaransa da babbar murya ba tare da ya fake da igiyar takalmi ba.

Bayan shekara biyu ƙofa ta buɗe. Mista Andrew ya gaji da aron suna, ya shawo kan kamfanin a shirya kwas na musamman, sau ɗaya tak, ga masu horarwa na gaskiya. Ba a neman takardar sakandare, kuma da Hausa da Turancin kasuwa za a koyar. Sharaɗi ɗaya ne: ka kawo wasiƙa daga wanda ya ara maka suna, yana shaida cewa kai ne ke horar da yaran. Hedimastan Kuje a rana ɗaya ya rubuta tasa. Fasto ma haka.

Ban taɓa ganin Yaya cikin farin ciki irin na makon nan ba. Ya sayo littafi mai ganye tamanin da biro biyu. In ya dawo daga Apo sai ya biyo ta shagona ya ce in riƙa yi masa shifta, wai hannunsa ya yi nauyi, kada malami ya riƙa jiransa a aji. Mutum mai shekara arba'in da biyar, da tabon dalma a yatsu, yana cije leɓe yana rubuta "mai tsaron gida" sau goma.

Sau uku yana zuwa ofishin Abdulmajeed ana cewa yana mitin. A na huɗu sakatariya ta miƙo masa ambulan. Bai wuce da ita ƙungiya ba, ya kawo mini in yi masa kwafi ya ajiye. Ya zauna a kujerar kwastoma, ya ce, "Karanta mini tukuna in ji daɗi."

Na buɗe. Turanci ne mai kyau, a takarda mai kauri. Na karanta a zuciyata har ƙasa, na sake komowa sama.

"Ya ce ya san ka shekara shida," na ce. "Ya ce kai mutum ne mai gaskiya da riƙon amana, ba ka makara."

"Madalla. Sai me?"

"Ya ce yara na son ka."

"Zulai, karanta yadda yake."

Na karanta yadda yake. Cewa ya yi Abdulbaƙi ya yi aiki a ƙarƙashinsa a matsayin mai kula da kaya, ƙwallo ko ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba, kuma yana da sha'awar koyon aikin horarwa, in aka ba shi dama nan gaba zai iya zama mataimaki.

Janareta na ta tari a waje. Yaya ya ce, "Babu inda ya ce ni ke horar da su?"

"Babu."

"Duba baya."

Na juya masa takardar ya gani da idonsa, fara ce fat.

Washegari ban buɗe shago ba, na hau mota sai ma'aikatar. Na wuce sakatariyar tana kirana. Hoton kofin na rataye a bayan kujerar Abdulmajeed. Na faɗa masa duk abin da ke bakina, ban rage ba, har na ce ya ji tsoron Allah. Bai ɗaga murya ba, wannan ne ma ya fi ƙona ni. Ya bari na gama, ya ce, "Malama Zulai, zauna. In na rubuta abin da kike so, na sa hannu ke nan cewa na yaudari kamfani, na ci tafiyar da ba tawa ba. Aikina zai tafi. Kofin ma sai an karɓe. Hedimasta bai ci kofi ba, shi ya sa tasa ta yi sauƙi." Ya gyara gilashi ya ƙara da cewa, "Kuma in ana maganar wanda ya rubuta ƙarya, ai ba ni na buga fom ɗin ba."

Na fito ina kuka a matattakala, ba na tausayi ba, na baƙin ciki.

Na je wurin Mista Andrew. Dattijon ya riƙe kai. Ya ce, "'Yata, ni na sani, kowa ya sani. Amma wasiƙun nan kwamitin horarwa ke tantance su, kin kuwa san shugabansa." Ya yi alkawarin zai gwada. Ya gwada, bai yi nasara ba.

Aka yi kwas ɗin, mutum talatin da ɗaya. Telan da ke horar da yaran Kuje ya samu satifiket. Wani direba da Yaya ya koya wa yadda ake jera 'yan baya ya samu. Ranar da aka raba takardun Yaya na Apo yana wanke lagireton wata tirela. Littafin mai ganye tamanin ya ba 'yarsa Sumayya ta kai makaranta.

Na ɗauka shi ke nan, zai watsar. Ni na ma zuga shi ya watsar. Na ce ya bar musu yaran su je Abdulmajeed ya horar da su a kan kafet ɗin ofishinsa.

Da lokacin rajistar sabuwar kaka ya zo, doka ta ƙara tsauri. Satifiket ɗaya, kulob ɗaya, kuma duk sababbin masu takardar suna da nasu. Wani ya ce zai karɓi yaran Yaya, amma guda biyar da suka fi iyawa kawai. Hanya ɗaya ta rage wa Taurarin Karmo su shiga gasa: kocin da ke fayil ya sabunta sa hannunsa.

Ranar Laraba da hantsi na gan shi ya fito cikin kaftaninsa na Juma'a, da fom a cikin leda. Na tare ƙofa.

"Yaya, ina za ka?"

"Kin sani."

"Wallahi ba za ka je ba. Bayan abin da ya yi maka? Ba ka da zuciya ne?"

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Su ashirin da uku ne, Zulai. Biyar za a ɗauka. Sha takwas ɗin in ce musu me ranar Asabar?"

Na bi shi, don ban yarda in bar shi ya shiga wurin nan shi kaɗai ba. Muka yi awa biyu a benci kafin a ce mu shiga. Yaya ya cire takalmi a bakin ƙofa, abin da ko masinja ba ya yi. Ya tsuguna a gefen tebur, gwiwar nan tasa ta ƙi lanƙwasuwa, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, ya miƙa fom da ɗayan. Ni ina tsaye, na ƙi gaisuwa.

Abdulmajeed ya tambayi iyali. Ya duba sunayen yaran sama-sama, ya zaro biro daga aljihun gaba, ya sa hannu, ya buga hatimi. Da zai miƙo sai ya ce, "Ka ci gaba da ƙoƙari, Malam Abdulbaƙi. A hankali ake koyo."

Na buɗe baki, Yaya ya ɗago ya dube ni, na rufe. Ya karɓi takardar da hannu biyu.

Ya ce, "Na gode, Koci."